Wanda Ya Ajiye Bindiga Ya Ɗauki Alli

'Yan'uwa manoma, akwai wani irin mutum da ya kusa ƙarewa a garuruwanmu, muna ta yi musu rakiya zuwa makwanci ɗaya bayan ɗaya ba mu ko lura ba. Shi ne tsohon sojan da ya komo daga yaƙi, ya tuɓe kaki, ya ɗauki alli, ya shiga aji bai fito ba sai da furfura ta rufe masa kai. Da yawa daga cikinmu da muka tashi tsakanin Jabo da Dogon Daji, ko Sanyinna, ko can Kuchi ta ƙasar Kebbe, in muka yi shiru muka tuna, za mu ga fuskar irin wannan malami. Ko tafiyarsa dabam ce, sai ka ce an ɗaura masa sanda a gadon baya. In ya ce ƙarfe bakwai, to, ƙarfe bakwai ɗin ne. Ran da ya rasu sai a taru, a yi addu'a, a ce mutumin kirki ne, ya yi wa ƙasa aiki. Kwana bakwai an watse. Bayan shekara biyar ka tambayi jikansa inda kakansa ya yi yaƙi, sai ya ce maka wai can wajen Turawa ne.

Mu a ganinmu bashi ne a wuyanmu, kuma a wuyan 'yan ƙungiyar gama kai ya fi nauyi. Za mu faɗi dalili. Amma bari mu fara da inda mutanen nan suka je, gama yaranmu ba su sani ba, mu ma manya kaɗan muka sani.

Kashi biyu ne. Na fari su ne 'yan Yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Turawa suka nemi mutane ta hannun sarakuna, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai. Wani ya tafi don kansa, don albashi da kaki. Wani kuwa dagaci ne ya nuna shi da yatsa, ba halin musu. A 1940 aka kwashi sojan Nijeriya cikin jirgin ruwa zuwa Kenya don su kara da sojan Italiya. Cikin watan Fabrairu 1941 suka shiga Mogadishu, daga nan suka nausa arewa, kimanin mil 1,000 cikin wata guda, har Harar ta ƙasar Habasha. Bayan sun komo aka sake shirya su don wani yaƙin, wannan karo da Japanawa a ƙasar Bama. Runduna ta 81 ta tashi a 1943, ta 82 ta bi bayanta a 1944, 'yan Nijeriya tare da mutanen Gana ta yau da Saliyo da Gambiya. A kwarin kogin Kaladan ba hanyar mota. Duwatsu ne da kurmi da ruwan sama wanda ba mu san irinsa ba a nan. Jirgin sama ke jefo musu abinci, su kuma su ɗauki harsashi da kayan yaƙi a ka, yadda muke ɗaukar damin gero. Cikin Janairu 1945 suka ci garin Myohaung. Yawancinsu ba su ga gida ba sai a 1946.

Ga wani abin da ba kowa ya lura da shi ba. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a jikin barikokinmu. Barikin Dodan na Ikko, inda shugabannin soja suka zauna suka mallaki ƙasar nan har 1991, ba don wani dodo aka sa masa sunan ba, wani wuri ne a Bama. Haka Myohaung a Ikko, haka Kalapanzin da Dalet a Kaduna, haka Letmauk a Badun. An rubuta sunan daji a jikin bango, amma sunan ɗan talakan da ya ɗauki kaya a ka cikin dajin ba a rubuta ba.

Da za a sallame su ma ba a yi musu adalci ba. A 2019 aka tono takardun gwamnatin Ingila na 1945, suka nuna yadda aka raba kuɗin sallama a Afirka. Farabiti Bature sule 10 ga kowane watan da ya yi aiki, farabiti baƙar fata sule 3 da sisi. Harsashi dai bai tambayi launin kowa ba.

To, me suka kawo mana gida in ba kuɗi ba? Suka kawo karatu. Hausa ita ce harshen bariki tun tuni, amma lokacin yaƙin soja ta buɗe azuzuwa tana koya wa kurata Turanci da karatu da rubutu. Mutumin da ke Bama, uwarsa na ƙasar Tambuwal, ba abin da zai haɗa su sai takarda, don haka ba sai an matsa masa ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riga ta soma fitowa a Zariya tun Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na shirya ta, wanda ya iya karanta ta kuwa ya zama babban mutum cikin 'yan'uwansa. Suka kuma koyo tuƙin mota, da ɗaurin miki, da haƙa salga nesa da inda ake ɗiban ruwa, da haɗiyar ƙwayar zazzaɓi kan lokaci. Abubuwan da malaman tsabta suka yi shekaru suna roƙonmu mu yi, su an riga an koya musu da tsawa. Da suka komo, wasu suka zama 'yan doka, wasu masinjoji a ofisoshin En'e, wasu direbobi, da yawa suka koma bakin garma. Da gwamnatin Jihar Arewa ta tayar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, ana neman duk wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya koya wa manya da maraice. Wasunsu ta nan suka shiga koyarwa, ba su sake fita ba.

Kashi na biyu su ne 'yan yaƙin basasa, wanda aka soma ran 6 ga Yuli 1967 aka gama ran 15 ga Janairu 1970. Kafin yaƙin sojan ƙasar nan ba su fi kimanin 10,000 ba, da aka gama sun kai wajen 250,000. Ina za a kai wannan taro? Aka yi ta rage su a hankali. Ana cikin haka, a watan Satumba 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka cika azuzuwa har ƙarƙashin itace, malamai ba su isa ba, aka shiga horar da su da gaggawa. A shekarar ne kuma aka tayar da shirin ciyar da ƙasa, kowace makaranta aka ce ta yi gonarta. Saurayin da ya bar aji ya shiga soja, ya komo da ransa, sai ga ƙofa ta buɗe masa. Irinsu ne suka koyar da yawancinmu da ke riƙe da ƙungiyoyi yau.

Cikin dukan masu irin wannan rayuwa a ƙasar nan, wanda labarinsa ya fi samun rubutuwa ba namu ba ne, mutumin Ikenne ne a ƙasar Yarabawa, Tai Solarin. Ya kamata mu san shi, gama abin da ya yi ya shafi noma ƙwarai. Lokacin Yaƙin Hitila ya shiga rundunar mayaƙan sama ta Ingila. Da aka gama ya tsaya can ya yi karatu a Mancesta da Landan, ya auri wata Baturiya, Sheila, suka komo tare. A 1952 ya zama shugaban makarantar Molusi a Ijebu Igbo. Ran 27 ga Janairu 1956 shi da matarsa suka buɗe tasu makarantar, Mayflower, a Ikenne, ya yi shekara 20 yana shugabancinta. A makarantar nan ba a raba karatu da aikin hannu ba. Yara su ne masu noman abin da za su ci, da su aka yi ginin ɗakunan da suka kwana a ciki, shi kansa shugaban yana cikinsu. Mutumin da ke da takardun Ingila, wanda da ya so da ya sa babbar riga ya zauna ofis, ya ƙare rayuwarsa cikin gajeren wando da taguwar kaki. Bakinsa bai da linzami. Ya yi ta rubutu a jaridu yana sukar masu mulki, gwamnatin Janar Gowon ta tsare shi a 1974, ta Janar Buhari ta tsare shi a 1984 fiye da shekara guda. Ya rasu ran 27 ga Yuli 1994, a 2005 kuma aka sa wa jami'ar horar da malamai ta Jihar Ogun sunansa.

Ba mu tare da shi a kan maganar addini. Bai yarda da ita ba, ya kuma fito fili ya faɗa. Amma gaskiya ko daga bakin wa ta fito gaskiya ce. Ya gane cewa yaron da makaranta ta koya wa ƙyamar fartanya an cuce shi, an kuma cuci garinsu. Da makarantunmu sun riƙe wannan, da ba mu kai yau ba, inda yaro da ya gama sakandare sai ya ga zaman tasha ya fi masa gonar ubansa daraja.

Abin da ya sa muka kawo labarinsa shi ne, mutanensa sun rubuta. Sun san ranar da ya buɗe makaranta, sun san ranar da ya rasu, almajiransa suna taruwa don tunawa da shi. Namu fa? Malamin da ya yi shekara 30 a firamaren ƙauye tsakanin Jabo da Kebbe, yana tuƙa keke cikin rairayi, ba jarida, ba hoto. Aikinsa bai gaza na wancan ba a wurin yaran da suka zauna gabansa. Bambancin kawai shi ne ba wanda ya ɗauki alƙalami.

Yanzu ga bashin da muka ce. Ku duba ƙungiyarku. Wa ke riƙe da littafin asusu? Wa ke rubuta wanda ya zuba kuɗin wata da wanda bai zuba ba? Wa ke karanta abin da ke jikin buhun taki, ya gaya muku wannan mai lamba 15 sau uku shi ake fara sawa, wancan farin mai lamba 46 sai shuka ta tashi? Wa ke duba kwalbar maganin feshi ya ce murfi kaza cikin ruwa kaza, kada albasa ta ƙone ko mai feshi ya kwanta? Ku tambayi wannan mutum wa ya koya masa haɗa baƙi. Iyayenmu sun sha wuya a bakin sikeli zamanin gyaɗa da auduga. Mai awo ya faɗi abin da ya ga dama, ya rubuta abin da ya ga dama, manomi ya dangwala yatsa ya tafi. Ba wa'azi ya kashe wannan cuta ba, ba kuma tausayin mai awo ba. Ranar da ɗan manomi ya tsaya gefen sikeli ya karanta lambar da ƙarfi, ranar ta ragu. Ƙungiyar gama kai ba ta tsayawa sai da amana, amana kuwa ba ta daɗewa in mutum ɗaya ne kaɗai ya iya duba littafi. Kun ga ƙungiyoyi nawa suka watse a kan haka, ba sai mun kama suna ba. Ashe kowane buhun da muka saya da rahusa don mun haɗa kuɗi, akwai rabon malamin nan a ciki.

Mun san wani zai ce, kai, kada ku mai da su waliyyai. Gaskiya ne. Wasunsu hannunsu ya yi nauyi. Akwai yaran da bulala ta kora daga makaranta ba su sake komawa ba, yau suna nan cikinmu da furfura, ba su iya rubuta sunansu ba, ba kuwa don kansu ba ya ja ba. Horon bariki an yi shi don ƙarti ne, ba don ɗan shekara bakwai ba. Da gwamnati ta tura soja cikin makarantun sakandare a 1977 wai su gyara tarbiyya, ba a daɗe ba aka bar abin. Akwai kuma waɗanda yaƙi ya bi su har gida. Mutum ya farka tsakar dare yana ihu, ko ya ji an buga bindigar sallah jikinsa ya ɗau ɓari, ko ya faɗa shaye-shaye. Muka ce ya taɓu, yara suka riƙa yi masa waƙa. Yau likitoci sun san ciwo ne, yana da suna, ana kuma jinyarsa. Mu dariya muka yi. In za mu ba da labarinsu, mu ba da shi duka, da daɗinsa da ɗacinsa. Labarin da aka tace ya zama zuma zalla ba yaron da zai yarda da shi.

Abu guda dai ba mai ƙwace musu, sun zauna. Inda aka tura su nan suka kafa gida, suka nemi gona, suka sha ruwan rijiyar da muke sha. Yaro ya yi fashin kwana biyu sai ka ga malam a ƙofar gidan ubansa. Yau malamin da aka tura ƙauye yakan bar iyalinsa a Tambuwal ko Sakkwato, ya zo bisa babur in hanya ta yi kyau, ya juya tun rana na sama. Kafin mu zage shi mu tambayi kanmu. Cikin Nuwamba 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi da dare, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da 'yan mata 25. Wane malami ne ya ji wannan bai duba matarsa da 'ya'yansa ba? A daren 25 ga Disamba 2025 kuma, da sojan Amurka suka kai hari kan 'yan bindiga a Jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami suka faɗo a fili kusa da Jabo. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Yaƙin da kakanninmu suka ƙetare teku suka tarar, ga ƙarfensa ya faɗo bakin gonakinmu. Yaranmu suna jin labarin bindiga kullum, daga waya, daga bakin samari masu ganin abin burgewa ne. Mutumin da ya san ainihin abin, wanda ya binne abokinsa da hannunsa, wanda zai iya zaunar da saurayi ya ce masa, "Ɗana, na riƙe ta, ba abin da ke cikinta," yana can zaure shi kaɗai, ba mai tambayarsa.

Lokaci kuwa ya ƙure. Wanda ya tafi Bama yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana da rai ya kai 100. Waɗannan sai dai mu nemi matansu da 'ya'yansu. 'Yan yaƙin basasa sun haura 70, kowace hunturu tana ɗauke mana wasu. Ran 15 ga Janairu kowace shekara manya sukan taru a Abuja da manyan birane, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Ba laifi. Amma tattabarun nan ba su taɓa sauka a ƙofar tsohon da ke jiran fensho a ƙauye ba.

Ba sai mun jira gwamnati ba a kan abin da bai fi ƙarfinmu ba. Gayya dai mun san ta tun kaka da kakanni. In akwai tsohon malami a garinku, soja ne ko ba soja ba, Kirista ne ko Musulmi, gama bai tambayi addinin yaro ba kafin ya koya masa, ƙungiya ta ware rana ɗaya a noman fari, ɗaya a maimai, a shiga gonarsa. In lokacin tantance masu fensho ya zo, a haɗa shi da saurayi guda ya raka shi birni, ya riƙe masa takardu, ya tsaya masa a layi, ƙungiya ta biya kuɗin mota. Sabon malamin da aka turo kuma a ba shi ɗaki mai ƙofa, a yankar masa gefen fadama, a sa shi cikin ƙungiya ya zama ɗan gari. Wanda ke da albasa a ƙasa ba ya saurin neman canji. Gonar makaranta da ta koma filin ƙwallo da kiwon awaki, mu ne za mu ba da iri da shanun huɗa a tayar da ita, amma da sharaɗi, abin da aka girbe a rubuta shi gaban yara, su ga inda ya shiga. Kada ta zama gonar hedimasta, yara su zama 'yan ƙwadagonsa. Wannan shi ya kashe ta tun farko a wurare da yawa.

Sai maganar rubutu, wadda ta fi kowace sauƙi, ta kuma fi kowace gaggawa. In an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sakataren ƙungiya ya sayi littafi guda mai bango mai kauri. A zaɓi yara biyu masu kyan rubutu, ɗaya da alƙalami, ɗaya da wayar da ke ɗaukar murya. Su tafi da goro, su gaishe da Baba, su zauna ƙasa. Kada su tafi da gaggawa, tsoho ba ya buɗe ciki a zama ɗaya, wani abin ma ba zai faɗa ba sam, kada a matsa masa. Su tambaye shi shekarar da aka ɗauke shi da wanda ya ɗauke shi, lambarsa ta soja, gama da wuya soja ya manta lambarsa, garuruwan da ya bi, da sunayen 'yan garin da suka tafi tare ba su komo ba. Sa'an nan su tambaye shi makarantun da ya koyar, da albashinsa na fari, fam nawa ne ko naira nawa. In yana da takardar sallama ko lambar yabo cikin adaka, a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa, kada a karɓe. Inda tsohon ya riga ya rasu a je wurin matarsa, ita ta san abin da bai gaya wa kowa ba. Littafin a ajiye shi cikin akwatin ƙungiya tare da na asusu, a kwafi wani a kai wa hedimasta don 'yan aji shida. Ƙungiyar da ta gama nata ta aiko mana, za mu riƙa bugawa a wannan shafi gari bayan gari, in iyalin sun yarda.